Na-Sani da Injin Kekensa

Shi ne auta a gidansu, kuma tun yana rarrafe Inna ta yanke hukuncin cewa ba a taɓa haifar yaro mai ƙwaƙwalwa irin nata ba. In ya fasa kofi, ta ce bincike yake yi. In ya kwance agogon bango ya kasa mayarwa, ta ce dama agogon ba na kirki ba ne. Yayansa, wanda ya girme shi da shekara goma sha ɗaya, shi ne mai durƙusawa yana tsince ƙananan sukurori a ƙarƙashin gado. Tun a lokacin Yaya ya fara yi wa ƙanen nasa wani irin kallo ta gefen ido, kuma har furfura ta fito musu su biyun kallon bai sauya ba.

Sunan da ya bi shi kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ba a taɓa fara yi masa bayani an kai ƙarshe ba. Malami zai buɗe baki, ya ce, "Na sani." Likita zai gaya masa yadda ake shan magani, ya ce, "Na sani." Har ranar da aka aike shi unguwar da bai taɓa zuwa ba, ana yi masa kwatance ya ce ya sani, ya wuni yana yawo a rana, ya dawo da saƙon a hannu ya ce mutanen sun tashi. Daga nan kowa ya manta da sunansa na yanka. Shi ma bai ji haushi ba, ya ɗauka yabo ne.

Da ya bar makaranta ya zaga sana'o'i kamar mai ɗanɗana miya a kasuwa. Wata huɗu ya yi wurin mai gyaran agogo ya ce ya gama. Wurin mai gyaran rediyo ya yi wata shida, ya ce maigidan ne ke koyo a wurinsa. Walda kuma mako uku, ya ce hasken yana ɓata masa ido. Inda ya ɗan zauna shi ne wurin wani tsoho mai naɗin kwayil, wato mai sake naɗa wayar tagulla a cikin fanka da injin ruwa in sun ƙone. Tsohon kurma ne, bai taɓa jin "na sani" ko sau ɗaya ba, shi ya sa suka yi shekara biyu lafiya. Kuma gaskiya ɗaya ce Yaya bai taɓa hana ƙanensa ba: hannunsa yana da kyau a naɗi. Wayarsa tana kwanciya layi-layi kamar kitson amarya. Abin da ke damun Yaya shi ne hannun ya fi mai shi hankali.

Shi Yaya injin sassaƙa ƙarfe yake aiki da shi, shekara talatin ke nan. A kawo masa dunƙulen ƙarfe ya ɗaura, injin ya juya shi, shi kuma ya yi ta fere shi har ya zama abin da ake so. Ba shi da yawan magana. Yana saurayi ya taɓa ganin dutsen wasa wuƙa ya fashe yana cikin juyawa, ya ɗauke wa abokin aikinsa rabin muƙamuƙi. Tun daga ranar, duk abin da ke juyawa da sauri Yaya yana girmama shi kamar suruki, ba ya tsayawa a gefensa, ba ya yi masa wasa.

Na-Sani yana da shekara talatin da takwas, da mata da yara uku da ɗan shagon gyaran fanka, lokacin da ya ga wani a waya ya ɗaura wa kekensa injin lantarki yana tafiya ba tare da tuƙa feda ba. Bidiyon minti tara ne. Ya kalli minti biyu ya kashe.

Bayan mako biyu sai ga shi a wurin aikin Yaya, da zane a bayan kwalin sabulu da ƙaramar leda a hannu.

"Yaya, aiki na kawo maka. Ba wani abu mai wuya ba ne."

"Da mai wuya ne ai da kai ka yi da kanka," in ji Yaya, bai ɗago ba.

Na-Sani ya shimfiɗa kwalin a kan benci. Ya riga ya samo gangar tsohon dainamon mota ya naɗa mata sabuwar waya. Abin da ya rage shi ne ɓangaren da ke juyawa a tsakiya, wanda masu sana'a ke kira rota. Yana so Yaya ya sassaƙa masa dunƙulen ƙarfe mai faɗin ƙaramin gwangwani, da sanda a tsakiya. A jikinsa ta waje zai manna maganaɗisu goma sha shida, kowanne kamar babban yatsa. Ya zazzage ledar, suka faɗo suna manne da juna, suka ja sifana biyu da ƙusa.

"Da me za ka riƙe su?"

"Gam. Mai ƙarfi ne, irin na haɗi biyu. An rubuta a kwalinsa yana ɗaukar mota."

"Juyi nawa a minti?"

"Iya abin da ya samu."

Yaya ya kashe injinsa, ya goge hannu da tsumma a hankali, yatsa bayan yatsa. Sai ya ɗauki noti ɗaya, ɗan ƙarfen nan mai huji da ake ɗaure sukuru da shi, ya ɗaure shi a bakin zare, ya fara wulwula shi a sama.

"Auta, ka ga notin nan? Ba ya son zagaye. Waje yake son tafiya, zaren ne ya hana shi. Maganaɗisunka ma haka, gam ɗinka shi ne zaren."

"Na sani."

"Ba ka sani ba, rufe bakinka ka ji." Ya ja fensir daga bayan kunne ya yi lissafi a gefen kwalin. "A juyi dubu uku, kowane ɗaya zai riƙa jan kansa waje kamar an rataya masa kilo takwas. Gam zai iya da wannan. In ka ninka gudun, jan ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu ne, ya haura kilo talatin. In ka kai dubu tara, kilo saba'in. Nauyinka ke nan kai da takalminka, rataye a jikin gam mai faɗin babban yatsa. Kuma injin zafi yake yi. Gam in ya ji zafi laushi yake."

"Wannan lissafin littafi ne."

"Ƙarfe ma da littafin yake aiki, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Bari in yi masa riga. Siririn zobe na ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa, in matse shi a kansu. Ko gam ya saki, rigar ta riƙe."

"Riga za ta ƙara tazara tsakaninsu da waya, ƙarfi ya ragu."

Abin haushin shi ne wannan gaskiya ne. Haka Na-Sani yake, yana da rabin sani a kan komai, kuma kullum rabin da zai ba shi damar yin abin da ransa ke so ne yake riƙewa. Yaya ya dube shi, ya dubi kwalin.

"Zan yi maka ba riga. Amma batir ɗaya, kada ya wuce dubu uku. Ka ce ka ji."

"Na ji."

Wannan ne karo na farko a rayuwa da Yaya ya ji wannan kalma daga bakinsa, shi ya sa ma bai yarda da ita ba.

Ya sassaƙa rotar da kyau, don shi bai iya aikin banza ba ko da na mutumin banza ne. Bayan an manna maganaɗisun ya ɗora ta a kan bakin wuƙaƙe biyu da ya daidaita, ya bar ta ta mirgina da kanta. Duk gefen da ya faɗa ƙasa ya fi nauyi ke nan, sai ya ɗan huda nan ya rage. Ya yi ta yi har ta zama duk inda ya ajiye ta nan take tsayawa. Na-Sani yana tsaye yana duba waya, yana cewa wannan duk ɓata lokaci ne.

Keken ya yi. Wannan shi ne mafarin masifa. Injin yana bayan sirdi, yana jan tayar baya da bel, yana tafiya cikin natsuwa da ɗan ƙugi kamar na fanka. Wani mai raba burodi a shaguna, dattijo mai ciwon gwiwa, ya gwada ya ce ko nawa ne shi dai a bar masa. Kullum da safe a gan shi da tulin burodi a baya, ƙafafunsa a miƙe a kan feda ba motsi, yana gaisawa da mutane kamar mai mota. Aka ɗauke shi a waya, aka ɗauki Na-Sani a bakin shago yana bayani da hannu biyu. A cikin bayanin ba a ambaci Yaya ba. An dai ambaci dare nawa Na-Sani ya yi bai runtsa ba yana tunani, alhali matarsa ta ce minsharinsa ne ke hana yara barci.

Ya sa aka goge allon shagon aka rubuta Injiniya da manyan baƙaƙe. Inna ta sa aka kai ta ta gani, ta tsaya a ƙarƙashinsa tana share hawaye duk da ba ta iya karatu ba.

Da abin ya tsaya nan, da an ce auta ya yi abin kirki sau ɗaya a duniya. Amma akwai masu babur da ke fakawa a bakin layin. Wata rana mai burodi ya wuce su da ɗan ƙuginsa, ɗayansu ya ɗaga murya yadda zai kai shago.

"Injiniya! Wannan keken naka ko akuya mai ciki sai ta wuce shi!"

Aka yi dariya. Na-Sani ya fito da sukudireba a hannu, ya rantse a gaban kowa cewa nan da wata ɗaya zai haɗa keken da zai bar babur a baya, in bai yi ba a cire allon.

Ya koma wurin Yaya ya ce yana son rota ta biyu, batir uku zai jera mata.

"Da riga?"

"Ba riga."

"To ba rota."

"Yaya, kai matsalarka tsoro. Shekara talatin kana fere ƙarfe, me ka taɓa ƙirƙira?"

Yaya ya ɗaga hannayensa biyu ya buɗe yatsu. "Ƙirga. Goma ne cif. Je ka tambayi waɗanda muka fara tare."

Ya tayar da injinsa, ƙarar ta rufe sauran maganar.

Na-Sani bai rasa dabara ba, masu irin halinsa ba sa rasawa. Ya samo guntun bututun ruwa, ya kai wa mai walda ya liƙa masa shi a jikin sanda, ya zauna da zarto da magogi yana gyara shi da ido. Ya manna maganaɗisu da gam ɗin da ke ɗaukar mota. Murfi kuma, tsohuwar tukunyar dalma ta matarsa ya yanka ya kife a kai, ya fesa mata jan fenti.

Matar tasa wanki take yi wa mutane da injin wanki guda biyu a tsakar gida, kuma ba ta taɓa cewa ta san komai ba. Ranar da ya kawo injin gida ya ɗaure shi a teburin cin abinci ya jona batir ɗaya, ta ga kofuna suna tafiya da kansu zuwa bakin tebur.

"Baban yara, wannan abin ba daidai yake ba. Injina in kaya suka taru gefe ɗaya haka yake rawa, sai na tsayar na baje su."

"Na sani. Wannan ba wanki ba ne, kimiyya ce."

Washegari ta yafa mayafi ta tafi wurin Yaya. Ta tsaya a bakin ƙofa har ya kashe inji.

"Yaya, ka yi masa magana. Da batir ɗaya haƙorana suna kaɗawa, ranar Asabar kuma uku zai sa, a gaban mutane."

"Na yi masa magana tun kafin a haife ki, ƙanwata. Kin ga amfanin da ta yi."

Duk da haka ya rufe wurin aiki da wuri ya tafi wurin Inna, don ita kaɗai ce auta ke ɗan saurara wa. Ya same ta a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ya yi mata bayani a hankali, yadda za ta gane. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ajiye faranti.

"Kai dai tun yana ƙarami ba ka son a ce ya yi. Yanzu Allah ya ɗaga shi, duniya tana kallo, sai ka ce abin zai fashe. Ka cire wannan abu a ranka, babban wa uba ne."

Yaya ya dubi shinkafar. Shi ne ya yi wa autan kuɗin makaranta, shi ya nema masa shago, shi ya tsaya masa a wurin aure. Bai faɗi ko ɗaya ba. Ya ce, "To, Inna," ya sa takalmi ya fita.

Ranar Asabar da hantsi ya isa layin kafin taro ya haɗu. Shagon Na-Sani da na wani tela ɗaki ɗaya ne aka raba da falanki, kuma telan yana zama ne da bayansa a jikin falankin. Yaya ya duba inda aka kafa keken a bakin shago, an ɗaga tayar baya a kan bulo biyu. Ya bi layin da rotar za ta watsa abin da ke jikinta in ta saki. Gefe ɗaya ƙofar ƙarfen shagon da ke kallonsu. Ɗaya gefen ya ratsa ƙofar shagon Na-Sani ya faɗa daidai kujerar tela.

"Malam tela, taso mu sha shayi."

"Ina da aiki, rigar biki ce, yau za a karɓa."

"Taso dai. In na yi ƙarya ni zan ƙarasa maka ɗinkin."

Telan ya yi dariya, amma ya ga fuskar Yaya ba ta dariya ba ce, sai ya taso da almakashinsa a hannu.

Mutane sun kai arba'in. Masu babur sun jera baburansu, kowa ya ɗaga waya. Na-Sani ya fito da farar riga mai dogon hannu da biro uku a aljihu. Ya yi jawabi a kan yadda masu hassada suka so karya masa gwiwa, har a cikin gida. Ya ce kafin a hau titi zai fara nuna musu muryar injin.

Yaya bai tsaya jin jawabi ba. Ya riƙa bi yana ture mutane daga layin da ya auna, wasu zuwa gaba, wasu zuwa baya. Wata mata mai goyo ta ce masa ita nan ta fi gani. Ya ce mata, "Baiwar Allah, daga nan ne shi ma zai fi ganinki." Ta matsa tana harararsa. Da ya gama, ya je dab da ƙanensa ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Taya a sama ba nauyi, gudun zai wuce abin da kake zato. In dai sai ka yi, tsaya ta bayan keken, kada ka tsaya a gefe."

"Na sani," in ji Na-Sani, ya tsaya a gefe, don nan ne wayoyi suka fi ɗaukarsa.

Ya murɗa abin ƙara gudu da ke hannun keken. Injin ya fara da ƙugi, keken ya soma karkarwa a kan bulo. Ya ƙara. Ƙugin ya zama fito, ƙararrawar keken ta fara kaɗa kanta. Masu babur suka yi ihu suna tafi. Ya ƙara murɗawa har ƙarshe, ya juyo yana yi wa taron murmushi. Fiton ya sirance ya zama wani irin kuka da ke shiga haƙori, warin gam mai zafi ya taso. Yaya ya kama wuyan rigar tela ya ja shi bayan ginshiƙi.

Ƙarar ba ta da tsawo, kamar an buga ƙaton faranti da guduma sau ɗaya. Tukunyar dalma ta buɗe kamar fure. Bel ya tsinke ya yi sama, keken ya faɗo daga bulo. Sai shiru, sai tayar gaba da ke juyawa a hankali. Mutane suka ga ƙofar ƙarfen da ke tsallaken layi ta yi baƙi da ɓarɓashin maganaɗisu, sun manne a jikinta kamar ƙudaje, da lotsawa biyu masu zurfin shigar yatsa.

Na-Sani yana tsaye, murmushin bai gama barin fuskarsa ba. Sai ya dubi ƙasa ya ga ƙafar wandonsa ta dama ta jiƙe da jini. Ya zauna daɓas, sannan ya fara ihu yana kiran Inna.

Yaya ne ya yage farar rigar ya ɗaure ƙafar, ya ɗauke shi kamar buhu ya sa a mota. Kafin su tashi tela ya leƙa shagonsa ya fito yana salati. Falankin ya huje a wuri uku. Guntu ɗaya ya ratsa majinginar kujerarsa, ya keta rigar bikin da ke rataye, ya je ya manne a jikin keken ɗinki. Telan ya riƙa shafa bayansa yana duba hannu.

A asibiti aka ce ƙashin ƙwauri ya tsage. Likitan da ya yi aikin ya fito yana girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin rauni irin wannan ba, duk lokacin da ya kai hantsaki sai ɓarɓashin ya yi tsalle ya kama shi da kansa. Guda goma sha ɗaya ya ciro, ya zuba a kwalba ya ba matar.

Yaya ya yi zaton ko ciwo zai yi abin da magana ta kasa. Da ya shiga ɗakin washegari da rana, ya sami ƙafar a rataye cikin filasta, Inna tana yi wa autanta fifita, shi kuma yana yi wa majinyacin gadon kusa bayani.

"Gam ɗin ne jabu. Da na sami na asali, da yanzu wani zance ake."

"Baki ne," in ji Inna, tana kallon bango kusa da kan Yaya. "An yi ta cewa zai fashe, zai fashe, ai dole ya fashe."

Matar Na-Sani ta sunkuyar da kai tana jujjuya kwalbar a hannu. Yaya ya ajiye ledar lemon da ya kawo a kan durowa.

"Inna, da bakina yana da wannan ƙarfin, da tuni na ce auta ya yi hankali." Ya juya wurin ƙanensa. "Ka tambayi lafiyar tela?"

"Me ya sami tela?"

"Ba komai. Allah ya ƙara sauƙi."

Daga asibiti bai koma gida ba, ya bi shaguna yana neman mai burodi. Ya same shi yana sauke kaya. Dattijon ya riga ya ji labari, tun safe tura keken yake yi da hannu, yana tsoron kunna shi. Yaya ya kwance injin ya tafi da shi. Ya buɗe ya ga gam ɗin ya fara canza launi a gefe, biyu daga cikin maganaɗisun har suna motsi in an danna da farce. Ya sake manna su, ya sassaƙa rigar da ya so yi tun farko, ya ɗumama ta, ya zura a kai ta huce ta matse. Ƙarfin injin ya ɗan ragu, a kan tudu sai dattijon ya taimaka da feda. Bai taɓa ƙorafi ba, kuma ya yi shekara shida yana raba burodi da keken nan kafin gwiwa ta zaunar da shi gaba ɗaya.

Na-Sani ya yi wata uku a kwance, matarsa ta ƙaro injin wanki na uku ta riƙe gidan. Ya tashi da ɗingishin da bai rabu da shi ba. Allon bai sauka ba, masu babur ma ba su nemi a sauke ba, sun ce ai sun ga abin da ya fi tsere. Ya koma naɗin fanka, wanda dama shi ne abin da ya iya. Kwalbar ɓarɓashin kuwa ya karɓe ta daga hannun matarsa ya ajiye a kan kanta. Duk wanda ya kawo gyara sai ya ji labarin. Da farko injin ya kai juyi dubu tara kafin ya fashe. Bayan shekara ya zama dubu goma sha biyar. Yaya ya taɓa ji da kunnensa ana cewa dubu talatin, kuma wai wasu baƙi sun zo daga nesa don su sayi fasahar ya ƙi. Rigar da ke cikin injin mai burodi ma ta zama tasa, yana gaya wa mutane cewa shi ya zana ta, ya ba wani mai sassaƙa ya yanka masa.

Inna ta rasu tana nan a kan cewa an yi wa ɗanta baki. Yaya ya yi mata duk abin da ɗa ke yi, bai sake tayar da zancen ba.

Bara ne tela ya zo wurin aikin Yaya, ya zauna a kan benci yana murza hula. Ya ce ba gulma ya kawo ba, amma ya ga an kawo wa maƙwabcinsa Na-Sani ƙunshi, da ya wuce kusa da shi almakashin da ke aljihunsa ya motsa. Kuma yana jin ana maganar injin yankan ciyawa.

Yaya ya sallame shi. Washegari da safe ya ɗauko hayar kura, ya ɗora farantin ƙarfe mai kaurin yatsa, wanda sai da mutum huɗu suka ɗaga, ya zo da mai walda. Suka jingina shi a jikin falankin ta ɓangaren tela, suka kafa masa ƙafafu a siminti. Na-Sani ya ɗingiso ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, yana kallo. Ya ƙwanƙwasa farantin da bayan yatsa.

"Yaya, wannan ai ɓarnar ƙarfe ce. Rabin kaurin nan ma ya isa."

Yaya ya dubi mai walda ya ce, "Ƙara ɗinkin walda ɗaya ta ƙasa." Tela ya jawo kujerarsa ya mayar da ita wurinta, ya zauna ya jingina, ya ci gaba da ɗinki.